Yadda ake tara makin jirgi da na otal, da yadda ake cinye su kafin su mutu

Shekara uku na yi ina zirga-zirga tsakanin Kano da Dubai da Gwangzu wajen saro kaya ba ni da lambar mamba ko ɗaya ta tsarin makin da kamfanonin jirgi ke ba masu hawa, duk tafiyar nan ta tafi a banza. Abin da ya farkar da ni wani ɗan kasuwar Kwari ne da muka haɗu a layin awon kaya, ni ana cajina kuɗin jaka ta uku ina ta roƙo a rage min, shi kuma ya miƙa wani kati kawai aka wuce da tasa jakar kyauta, kuma tikitinmu iri ɗaya ne, kujerarsa ma tana bayan tawa. Tun daga ranar na shiga harkar, na yi kurakurai da yawa, maki sun mutu a hannuna ba sau ɗaya ba, to ga yadda nake yi yanzu.

Abubuwan da za ka tanada

Fasfonka a gabanka, buɗe, domin harafi ɗaya ba a son ya kuskure. Imel naka na kanka wanda kake iya buɗewa, ba na yaron shago ba, ba na ejan mai yanka maka tikiti ba. Lambar waya wadda ba ka shirin yarwa, saboda nan za su riƙa turo lambar sirri. Manhajar kamfanin jirgin a wayarka. Katin banki da ke iya biya da dala, domin ranar da za ka karɓi tikitin maki sai ka biya haraji, idan ba ka da shi to ka san wani amintacce mai shi tun yanzu. Sai ɗan littafi ko wuri a waya da za ka rubuta lambobin mamba da ranar kowace tafiya. Idan kuma ka yi tafiya cikin watannin nan, nemo tsohon tikitin da katin shiga jirgin, kar ka yar, suna da amfani.

Abu ɗaya ne kawai na karatu a nan, maki iri biyu ne. Akwai na kashewa, su ne kamar kuɗi a asusu, wasu na ce musu mil, Qatar da British Airways na ce musu Avios. Akwai kuma na matsayi, waɗannan ba a sayen komai da su, ƙirga ake yi a ga yawan tafiyarka a shekara a ba ka katin azurfa ko na zinare. Tafiya ɗaya tana ba ka duka biyun. Mutane da yawa a nan suke rikicewa, mutum ya ga lamba a manhaja ya ɗauka ya kai zinare, alhali na kashewa yake kallo.

1. Zaɓi gida ɗaya, kar ka warwatsa

Zauna ka rubuta tafiyoyinka na shekara biyu da suka wuce, wane jirgi ka fi hawa. Manyan kamfanonin duniya sun kasu ƙawance uku. Star Alliance akwai Ethiopian, EgyptAir, Turkish, Lufthansa, Air China da United. Oneworld akwai Qatar, British Airways, Royal Air Maroc, Cathay Pacific da American. SkyTeam akwai Saudia, Air France, KLM, Kenya Airways, Delta da China Eastern. Emirates ba ta cikin kowanne, tsarinta Skywards ne, kuma flydubai ma shi take amfani da shi.

Amfanin sanin wannan shi ne, a cikin ƙawance ɗaya asusu ɗaya ya ishe ka. Idan kana da ShebaMiles na Ethiopian, ranar da ka hau EgyptAir zuwa Alƙahira ko Turkish zuwa Istanbul lambar ShebaMiles ɗin za ka bayar, makin ya faɗa can. Babban kuskuren masu farawa shi ne buɗe asusu a kowane kamfani, a wayi gari mil 6,000 a nan, 9,000 a can, 4,000 a wani wuri, babu wanda ya isa sayen komai, kuma yawanci ba a haɗa na wannan kamfani da na wancan, har su mutu kana kallo. Da ka zuba su wuri ɗaya da 19,000 ne, wannan kuma ya fara zama abin magana.

Ni ga yadda na raba nawa. Star Alliance duk ShebaMiles, saboda daga Kano ta Adis Ababa na fi bi. Oneworld duk Privilege Club na Qatar, wadda ta fara zuwa Kano a 2022. Mai yawan Umara a Saudia ya riƙe Alfursan, mutanenmu na Njamena masu bin Air France su riƙe Flying Blue. Na cikin gida kuma Air Peace na da Peace Advantage, Ibom Air na da Ibom Flyer, idan kana yawan Abuja da Legas ka yi rajista, ba ka rasa komai ba.

2. Buɗe asusu da sunan da ke fasfo, harafi da harafi

Rajista kyauta ce, minti biyar, a shafin kamfanin ko manhajarsa. Duk wanda ya ce ka biya shi ya buɗe maka, kuɗin shayi kawai yake nema.

Matsalarmu mu ita ce suna. Fasfo ya ce Muhammad, tikiti ya ce Mohammed, asusu ya ce Muhammadu. Ko Abdullahi da Abdullah, ko A'isha da Aishatu. Ko kuma a juya, sunan mahaifi ya koma sunan farko. Kwamfuta ba ta san duk mutum ɗaya ba ne, idan sunan tikiti bai yi daidai da na asusu ba makin ba zai shiga ba, kuma ba wanda zai kira ka ya faɗa maka. Duba layi biyun nan na ƙasan shafin hoton fasfo masu alamomi kamar kibiya, sunan da ya fara zuwa bayan harufan ƙasa shi ne sunan dangi, shi za ka sa a gurbin sunan ƙarshe. Kar ka sa Alhaji ko Hajiya a gurbin suna, na ga wanda ya yi. Ranar haihuwa ma ta fasfo za ka sa, ko da ka san ba ita ce ta gaskiya ba.

Idan ka riga ka buɗe da kuskure kar ka buɗe na biyu, tura musu hoton fasfo ta imel su gyara. Asusu biyu ga mutum ɗaya yana iya jawo a rufe duka.

3. Tambayi harafin tikiti kafin ka biya

Wannan shi ne wurin da ejan ba zai faɗa maka ba sai ka tambaya. Kujerun ikonomi a ido ɗaya suke, amma kowane tikiti yana da harafi guda, kamar Y ko B ko M ko wani, kuma harafin ne ke nuna kashi nawa na nisan tafiya za a ba ka. Wani harafin cikakke ne, wani rabi, wani kwata, wani kuma sifili ne tas.

Bari in yi maka lissafi da hanyar da na fi sani. Kano zuwa Adis kusan mil 2,000 ne, Adis zuwa Gwangzu kusan 5,000, zuwa da dawowa ka ce 14,000. Mai cikakken harafi ya samu 14,000, mai rabi 7,000, mai kwata 3,500, kuma jirgi ɗaya suka hau, abinci ɗaya suka ci. Wani lokacin bambancin kuɗin tsakanin harafin kwata da na rabi bai taka kara ya karya ba, to a nan ƙarawa ta yi. Amma idan bambancin ya yi yawa bar shi, sayi mai arha, ba a biyan dala 300 don a samu makin da bai kai dala 60 ba.

Kowane tsari yana da jadawali a shafinsa da ke nuna harafi da kasonsa, har da na kamfanonin ƙawance. Idan za ka zuba tafiyar wani kamfani a asusun wani, jadawalin asusun da za ka zuba za ka duba, domin harafin da ke ba da rabi a gidansu yana iya zama sifili a gidan maƙwabci. Sannan a Star Alliance jirgin da ya ɗauke ka a zahiri ake dubawa, ba wanda sunansa ke kan tikiti ba.

Wasu kuma sun daina ƙirga nisa sun koma ƙirga kuɗi. Flying Blue na ba sabon mamba mil 4 a kan kowane yuro da ya kashe a tikitin Air France ko KLM, ban da harajin gwamnati, British Airways ma ta koma wannan salon a 2023. A irin waɗannan, tikiti mai arha maki kaɗan ne ko da Amurka ka je.

Jiragen jigilar alhazai na shata ne, kar ka sa rai da maki a nan. Tikitin rukuni na Umara ma yawanci haka, ko a ba da kaɗan ko a hana.

4. Tabbatar lambar ta hau tikitin

Ka ba ejan lambarka lokacin yankan tikiti, amma kar ka tsaya nan. Karɓi lambar bukin ɗin, wato ta kama kujera, mai harafi shida, shiga manhajar kamfanin, buɗe tafiyar ka gani da idonka ko lambar mamba tana ciki, idan babu ka sa da kanka. A filin jirgi wajen awon kaya ka sake nuna ta, sannan ka duba katin shiga jirgi, lambar tana fitowa a jiki.

Dalilin da ya sa nake nanata wannan, akwai wani ejan da na daɗe ina hulɗa da shi, imel ɗinsa da wayarsa yake sawa a duk tikitina, sai daga baya na gano har asusun mamba ya buɗe da sunana, shi ke riƙe da kalmar sirri, makina na shiga yana yanka wa wasu tikiti da su. Ban yi rigima ba, na tura wa kamfanin fasfona aka mayar da asusun kan imel ɗina, na canza ejan. Idan ka je rajista aka ce maka ai kana da asusu, kuma ka san ba kai ka buɗe ba, to ka san inda za ka fara tambaya.

5. Bi bashin makinka

Bayan ka sauka ka ba su kamar mako biyu, na kamfanin ƙawance yakan fi jinkiri. Idan bai shiga ba akwai wurin neman makin da ya ɓata a cikin asusun, za ka sa lambar tikiti mai lamba 13, da ranar tafiya, da lambar jirgi. Yawanci wata shida suke bayarwa, wasu har shekara, bayan nan ya wuce. Shi ya sa nake ɗaukar hoton katin shiga jirgi tun ina zaune a kujera kafin a tashi, saboda takardar nan rubutunta gogewa yake yi a aljihu, musamman da zafinmu.

Wanda ya yi rajista yau kuma ya yi tafiya kwanan baya, ya gwada nema, wasu tsarin suna karɓar tafiyar da aka yi dab da rajista.

6. Matsayi, wanda ga ɗan kasuwa ya fi tikitin kyauta

Ni a ganina a nan ainihin ribar take ga mai saro kaya. Katin zinare na Star Alliance yana ba ka ƙarin jaka ɗaya, ko kilo 20 a hanyar da ake awo da nauyi, a yawancin tikitin kamfanonin ƙawancen. Ka shiga falon manya ka ci ka sha ka yi caji ko da tikitin ikonomi ne, ka bi layin awo na daban, jakarka ta riga fitowa. Wanda ya taɓa kwana a kan benci yana jiran jirgin asuba ya san darajar falon nan. Amma jakar ce magana, lissafa abin da kake biya na jaka ta uku a kowace dawowa ka ninka sau huɗu ko biyar a shekara, za ka ga ya kai kuɗin tikiti guda.

Ma'aunin ya bambanta. A Miles&Smiles na Turkish mil 25,000 na matsayi cikin wata 12 yana kai ka Classic Plus, 40,000 kuma Elite, wanda shi ne zinaren Star Alliance, kuma katin shekara biyu yake yi. A Qatar makin matsayi da suke kira Qpoints ake ƙirgawa, 150 azurfa, 300 zinare, 600 Platinum. A Emirates 25,000 azurfa, 50,000 zinare. Koma kan lissafin Gwangzu na sama, mai cikakken harafi tafiya uku ta ba shi 42,000, ya wuce Elite ɗin Turkish idan can yake zubawa, mai kwata kuwa sai ya yi goma sha biyu, ka ga dalilin da na ce a tambayi harafi.

Idan sau ɗaya kake fita a shekara manta da matsayi gaba ɗaya, kar ka wahalar da kanka, tara na kashewa kawai. Ɗalibai kuma masu shekara 18 zuwa 30 su duba Student Club na Qatar, akwai ragin kuɗin tikiti da ƙarin kaya ba sai an tara komai ba.

7. Haɗa na iyali

Maki na wanda ya hau jirgi ne, ba na wanda ya biya ba. Ka biya wa Hajiya da yara huɗu, ba za ka sa lambarka a tikitinsu ba, ba zai shiga ba. Hanyar ita ce asusun iyali. Emirates na da My Family mai ɗaukar mutum 8, Qatar ma na da na iyali, British Airways na da na gida ɗaya. Kowa da rajistarsa, amma makin kashewa na taruwa a tukunya ɗaya. Umara ɗaya ta mutum shida da tikitin da kuka yanka da kanku tana iya tara abin da kai kaɗai sai ka yi shekara biyu. Inda babu tsarin iyali, ka buɗe wa kowa nasa, daga baya kowa yana iya yanka wa wani tikiti da makinsa.

8. Otal

A nan doka ɗaya ce ke kayar da mutane, sai ka kama ɗakin kai tsaye a manhajar otal ɗin ko shafinsa. Idan ta Booking.com ko Agoda ka bi, ko ejan ya haɗa maka cikin kunshin Umara, babu maki, kwanakin ma ba a ƙirga su.

Manyan su ne Marriott Bonvoy, Hilton Honors, IHG One Rewards da ALL na Accor. Marriott da Hilton na ba da maki 10 a kan kowace dala a yawancin otal ɗinsu. Accor na ba sabon mamba 25 a kan kowane yuro 10, a ibis rabin haka, kar ka ce ya yi kaɗan, nasu ya fi nauyi, maki 2,000 daidai yake da yuro 40 a cire maka daga kuɗin ɗaki, darajarsa kullum haka take, ba ya hawa ba ya sauka. Ka kashe yuro 1,000 ka samu 2,500, kimanin yuro 50 ke nan.

Masu zuwa Makka su lura da wannan da kyau. Otal ɗin da ke ginin agogo, Fairmont, Swissôtel, Pullman Zamzam, Mövenpick da Raffles, duk na Accor ne, kati ɗaya ke aiki a cikinsu, a Madina ma akwai Pullman Zamzam da Anwar Al Madinah Mövenpick. Ta Jabal Omar kuma akwai Conrad da Hilton Suites na Hilton, akwai Marriott. Ka ga wanda yake kwana a Transcorp Hilton a Abuja don aiki, ko Marriott na Ikeja, yana iya tara makin a gida ya je ya kwana da su kusa da Harami. Ko da ofis ne ke mayar maka da kuɗin, in dai kai ka kama ɗakin da lambarka, makin naka ne.

Dabarar da na fi so ita ce ta kwana biyar. A Marriott idan ka kama kwana biyar a jere da maki, na huɗu kawai za ka biya, a Hilton ma haka amma sai ka kai matakin azurfa. To kar ka kama kwana huɗu, na biyar kyauta ne, kuma kar ka raba bukin ɗin gida biyu. Sannan Marriott na ba ka makin ɗaki har uku idan kai ka biya kuma kana kwana a ɗaya, ga mai tafiya da iyali wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Goman ƙarshe na Ramadan dai kar ka yi mafarki, Marriott da Hilton farashin makinsu yana bin farashin kuɗi, ranar da ɗaki ya yi tsada makin ma tashi yake, kuma ɗakunan maki tun da wuri suke ƙarewa. Ana iya mayar da makin Marriott mil na jirgi, uku a ɗaya, da ƙarin 5,000 a kan kowane 60,000 a yawancin kamfanoni, amma ni ba na yi sai idan ɗan kaɗan ya rage min in cika tikiti.

9. Jirgin ƙasa

Wannan gajere ne. Na Idu zuwa Rigasa tikiti kawai nake saya in hau. Maki a jirgin ƙasa harkar waje ce. A Amurka Amtrak Guest Rewards na ba da 2 a kan kowace dala, a Jamus BahnBonus na ba da 1 a kan kowane yuro. A Chaina tsarin 12306 na ba da 5 a kan kowane yuwan, 100 daidai da yuwan 1, sai ka tara 10,000 kafin ka fara kashewa, kuma wata 12 suke yi, wato sai mai yawan bin Gwangzu da Yiwu sosai zai ci moriya.

Abin da ya fi amfanar baƙo shi ne ya haɗa jirgin ƙasan cikin tikitin jirgin sama. Air France na sayar da tikiti ɗaya daga nan har garuruwa irin su Lyon da Strasbourg, ƙarshen tafiyar a jirgin ƙasa, Lufthansa ma na yi daga Frankfurt zuwa Kolon da Stuttgart. Ka samu mil a kansa, kuma idan jirgin sama ya makara su za su sa ka a na gaba ba ka ƙara ko sisi ba.

10. Kashewa

Kafin ka taɓa maki yi wannan lissafin. Kuɗin tikiti, cire harajin da za ka biya a tikitin maki, raba da yawan mil. A ce misali tikiti dala 900 ne, na maki kuma mil 45,000 da haraji dala 250, ka ga dala 650 ka tsira da ita, kowane mil 1,000 ya ba ka kusan dala 14, wannan ciniki ne mai kyau. Idan kuma tikitin dala 450 ne, harajin na nan 250, to dala 200 kawai ka tsira da ita a kan mil 45,000, biya kuɗi ka ajiye makinka. Ni idan mil 1,000 bai kai dala 10 ba ba na kashewa, sai dai idan sun kusa mutuwa.

Tikitin maki ba kyauta ne tas ba, haraji da cajin mai na nan, kuma ya bambanta sosai tsakanin kamfanoni, hanyar Landan musamman cajinta na da ciwo. Duba jimlar kafin ka yi murna.

Kujerun maki ƙidayayyu ne a kowane jirgi, jirgi na iya zama rabi babu kowa a ce maka babu ta maki. Ana buɗe su kusan wata goma sha ɗaya kafin tafiya, wasu kuma suna sake fitowa a makon ƙarshe idan ba a sayar ba. Lokacin Sallah, Disamba da Ramadan sai wanda ya riga. Nemi zuwa daban, dawowa daban, ka matsa kwana biyu gaba ko baya, idan Kano babu gwada Abuja ko Legas. Idan shafin bai nuna kujerar kamfanin ƙawance ba kira su ko ka je ofishinsu na gari. Kuma kar ka tura maki daga wani asusu zuwa wani sai ka ga kujerar da idonka, yawancin turawar ba ta dawowa. Avios ne kawai ke yawo tsakanin Qatar da British Airways ɗaya a ɗaya, zuwa da dawowa, idan ka haɗa asusun biyu.

Idan makin bai kai tikiti ba akwai mafita. A ɗaga ka daga ikonomi zuwa bizines, wanda a doguwar tafiyar dare ya fi komai daɗi, amma tikiti mafi arha sau da yawa ba a ɗaga shi, harafi ya sake dawowa ke nan. Ko ka sayi ƙarin kilo da su. Ko rabi kuɗi rabi maki, wannan darajarsa ba ta da yawa. Mafi muni shi ne sayen turare ko agogo a kantinsu.

Wani abu a gefe, bidiyon Turawan nan da ke yawo duniya a kujerar gaba suna cewa kyauta ne, yawancin makinsu daga katin bashi na bankunan Amurka yake, ba daga hawa jirgi ba. Mu ba mu da irin katin, da yawanmu ma ba ma son harkar da ke da kuɗin ruwa a ciki, to kar ka auna kanka da su.

11. Ranar mutuwa, da masu sayar da maki

Rubuta wannan a littafin nan naka. Na Emirates shekara uku suke yi, su mutu a ƙarshen watan haihuwarka. Na Turkish ma shekara uku, su mutu a ƙarshen Disamba. Waɗannan biyun ko kana tafiya kullum tsofaffin mutuwa suke. Avios na Qatar da British Airways kuwa sai an yi wata 36 asusu bai motsa ba, Flying Blue wata 24, Marriott da Hilton wata 24, IHG wata 12 ga ƙaramin mamba, Accor kwana 365. A irin waɗannan motsi ɗaya ya isa ya sabunta agogo, kwana ɗaya a otal mai arha na gidansu, ko gajeriyar tafiya ɗaya. Dokokin suna canzawa, farashin tikitin maki ma hawa yake ba sanarwa, shi ya sa da zarar nawa sun kai tafiya ɗaya nake kashe su, ba na ajiya.

Za ka ci karo da masu tallan tikiti rabin kuɗi a WhatsApp, wai da mil suke yanka shi. Sayar da maki ya saɓa dokar kusan kowane kamfani, kuma wasu daga asusun da aka sace suke yanka tikitin, sai ka isa filin jirgi da kayanka da 'yan rakiya a ce an soke. Naka asusun ma ka tsare shi, kalmar sirri daban da ta Facebook, ka kunna tsarin turo lamba ta waya, kuma duk saƙon da ya ce makinka za su mutu yau danna nan, kar ka danna, buɗe manhajar da kanka ka duba ranar da ke rubuce a ƙarƙashin makin.